Ina Muka Baro Zango? Mutumin Abuja da Tafiya Gida



 Da aka kawo mini takardar gayyata aka ce in yi magana a kan hutu da tafiya gida, na ce wa ɗan aiken anya ba a yi kuskuren mutum ba? Ni ba direba ba ne, ba kuma malamin tarihi ba. Ya ce ai dalilin shi ne na fi shekara talatin ina zarya tsakanin Abuja da Katsina. Wannan kam gaskiya ne. Muna cikin ma'aikatan da aka kwaso daga Legas lokacin da gwamnatin Janar Babangida ta tare a nan, a watan Disamban 1991. Tun daga sannan, in ban da shekara ɗaya da zan zo kanta, ban taɓa yin Sallah a Abuja ba. To abin da na gani a hanyar nan, da abin da na yi na ji kunya, shi zan faɗa muku.

Duk wanda ya taɓa kwana a garin nan ranar jajibere ya san yadda yake komawa. Tun ana saura kwana uku tashar Jabi da ta Zuba ba masaka tsinke, 'yan kamasho na ta kiran Kano, Kano, Zariya, Funtuwa, Gusau, kuɗin mota ya ninka. Kasuwar dabbobi ta Dei-Dei ta cika ta batse. Sai kuma ranar Idi da hantsi, bayan an sauko daga masallacin Idi na hanyar filin jirgi, ka bi ta gaban sakatariya ko ka shiga Maitama, tsit kake ji, kamar an yi ruwa an ɗauke. Waɗanda suka rage su kwashi yara zuwa Millennium Park ko bakin tafkin Jabi, a sha iska, a ɗauki hoto, a koma gida. Garin da aka gina domin ya zama na kowa, ranar Sallah sai ya nuna maka cewa yawancinmu aro muka zo yi.

Ba mu kaɗai ne ke wannan ba. Mutanen Jakarta a Indunisiya haka suke watsewa ƙauyukansu idan ƙaramar Sallah ta zo, Sinawa ma haka a sabuwar shekararsu. Amma akwai wata al'adar da na gani a Amurka, lokacin da aka tura mu wani kwas, wadda ta daɗe tana yi mini yawo a ka. Idan bazararsu ta yi, aka rufe makarantu daga Yuni zuwa Agusta, sai ka ga magidanci ya ɗaura wa motarsa wani ɗaki mai taya a baya. Su tirela suke ce masa, amma kada ku ɗauka irin tamu ce mai ɗaukar siminti. Ɗaki ne sosai: gado, murhun gas, tankin ruwa, har da makewayi. Ya zuba matarsa da 'ya'yansa su kama hanya. Yau su kwana a gandun daji irin su Yellowstone, wanda aka keɓe tun 1872, gobe su tsaya ƙofar gidan ƙanwar matar su yi kwana biyu, jibi gidan kaka. Da yawa suna auna tafiyar ne ta yadda ranar 4 ga Yuli, ranar 'yancin ƙasarsu, za ta same su a garin haihuwa, inda ake jerin gwano da ganguna a tsakiyar gari, da dare a yi wasan wuta.

Da na fara gani dariya na yi, na ce ka ji Bature da neman wahala, ga otal ko'ina amma ya ja ɗaki a bayansa kamar kunkuru. Sai daga baya na gane ba ɗakin ne abin lura ba. Abin lura shi ne mutumin ba gaggawa yake yi ba. Ya ɗauki hanyar kanta a matsayin wani yanki na hutun. Kuma da na ƙara tunani, sai na ga ai wannan abin namu ne tun kafin a ƙera mota, har suna muke da shi: zango.

Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro, daga Kano ko Katsina zuwa kasuwar Salaga a ƙasar Gana ta yau, watanni suke yi a hanya. Ayari yana da madugu, yana da jagaba mai wucewa gaba, kuma kowace tafiyar wuni tana da inda ake sauke kaya. A ɗaure jakuna, a kafa bukkoki, mata su ɗora girki, madugu ya shiga gari ya gaida sarki. Da safe a tashi. Wasu zangunan sun daɗe har suka zama garuruwa, shi ya sa muke da Zangon Daura da Zangon Kataf, shi ya sa har gobe unguwar Hausawa a Kumasi da Ankara zango ake kiranta. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, daga gidan irin waɗannan fatake ya fito. Ga Fulani da ke tashi da rugarsu kacokan daga mashekari zuwa mashekari, ga alhazan da da suka bi ta Chadi da Sudan a ƙafa, wasu su shekara suna noma a hanya kafin su ƙarasa. Hatta sunan garin nan na 'yan gudun hijira ne da suka ya da zango. Bayan jihadi sarakunan Zazzau na Haɓe suka yo kudu, Abu Ja ya kafa garinsa a 1828, shi ne Abuja ta asali. Da gwamnatin Janar Murtala ta yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976 aka ari sunan, tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau.

Ni ban riski fatake ba, amma na riski mahaifina, Allah ya jiƙansa. Ma'aikaci ne a Kaduna, yana da wata tsohuwar Fijo 404. Daga Kaduna zuwa Katsina tafiyar wuni ɗaya ce ko a wancan zamani, amma mu kwana uku muke yi. Daren farko a Zariya, a Tudun Wada, gidan yayarsa. Ana shimfiɗa mana tabarma a zaure tare da 'ya'yanta, sauro ya ci rabonsa, mu kwana muna faɗa a kan bargo ɗaya. Washegari Funtuwa, gidan wani abokinsa da suka yi makarantar allo tare, wanda har na girma ina ɗauka ƙanin babana ne. Daga nan Malumfashi, mu gaida kakarmu ta wajen uwa, ta ɗaure mana ƙuli-ƙuli a tsumma. Sai Gidan Mutum Ɗaya, Kankiya, Charanci, mu shiga Katsina ana kiran la'asar. Babana bai taɓa jan ɗaki a bayan motarsa ba, don ba ya bukata. A kowane gari akwai ƙofar da zai yi sallama a ce "maraba, lale", a kawo ruwa a kwanon sha. Dangi su ne tirelarsa.

Yanzu ku ji yadda ɗansa yake yi. Na idar da sallar asuba a Kubwa, but ɗin mota cike da shinkafa da man girki da turamen atamfa, yara a baya kowa ya toshe kunne da waya. Zuba, Madalla, ga dutsen Zuma nan a tsaye ba wanda ya ɗaga kai. Tafa, Jere, Katari, Rijana, ƙafata na kan totur, bakina na addu'a. Burina ɗaya ne, in ga na shiga Katsina da sauran rana.

Wata shekara na ce bari dai in tsaya in gaida Goggo a Zariya, ita wannan yayar babana, lokacin ta haura tamanin. Na yi mata waya tun ana gobe. Muka isa, na bar motar a kunne saboda sanyin na'ura, maiɗakina da ƙananan yaran suna ciki, na shiga da babban ɗana. Na durƙusa na gaishe ta, na ajiye ambulan a gefen tabarma. Ashe tun asuba ta sa an yanka kaza, an tuƙa tuwon shinkafa, an share ɗaki an kunna turare. Ta ce, "Ɗan nan, ina iyalin?" Na ce, "Suna mota, Goggo, sauri muke yi, kin san hanya." Ta yi shiru. Can ta ce, "To ko ruwan gidan ba za su sha ba?" Muna fitowa, a zauren nan da na kwana ba adadi, ɗana ya tambaye ni da Turanci wai wace ce wannan tsohuwar. Ban amsa masa ba sai da muka wuce Giwa. Ba don fushi ba. Rasa ta inda zan fara na yi, domin yaron bai yi laifi ba, ni ne ban taɓa ba shi daren da zai san ta ba.

Kada in zalunci kaina da ku, akwai dalilai, kuma ba na wasa ba ne. Hanyar Abuja zuwa Kaduna ta yi shekaru tana cin mutane, masu garkuwa sun mai da wasu wurare abin tsoro, ba mai hankalin da zai ce a tsaya a shimfiɗa tabarma a bakin daji. Da aka buɗe jirgin ƙasa daga Idu zuwa Rigasa a watan Yulin 2016 muka ce mun huta, sai ga harin 28 ga Maris 2022, aka kashe na kashewa aka kwashi na kwasa, jirgin bai dawo aiki ba sai Disamban shekarar. Aikin gyaran babbar hanyar zuwa Kano ya ɗauki shekaru, kowa a nan ya ɗanɗana cunkoson da ake yi a inda aka haɗe hannu biyu wuri ɗaya. Ga kuɗi. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira ɗari biyu ba ta haura ɗari biyar cikin kwanaki, daga baya ta taɓa dubu. Ga lokaci: hutun Sallah kwana biyu gwamnati take bayarwa, in ka yi sa'a ya haɗe da Asabar da Lahadi. Saboda haka wanda ya ce mu sayo tirelar Amurkawa mu riƙa kwana a hanya, a ba shi ruwa ya sha, rana ce ta buge shi.

Sai dai akwai dalilin da ba ma son faɗa a bainar jama'a, kuma a ganina ya fi waɗancan ɓarna. Mutumin Abuja ba ya zuwa gida a matsayin ɗa, a matsayin Abuja yake zuwa. Da an ga lambar motarka an gama lissafi. Ƙaramin ma'aikacin da ke haya a Mararraba ko Nyanya, wanda albashinsa ba ya kai shi ashirin ga wata, a garinsu babban mutum ne, dole ya yi sabon ɗinki, dole ya raba sababbin kuɗi. Na san waɗanda suke cin bashi su je, na san waɗanda suka daina zuwa gaba ɗaya don kada a raina su. Mu kuma da Allah ya ɗan buɗa wa, sai muka ƙirƙiro wani sabon abu: mutum ya je garin da aka binne cibiyarsa ya sauka a otal. Da yamma ya fito zagaye, gida goma cikin awa biyu, ko takalmi ba ya cirewa sosai. Wanda bai samu zuwa ba ya tura kuɗi ta waya, ya bi da saƙon barka da Sallah a WhatsApp, irin wanda ake turawa mutum ɗari a lokaci guda. Kuɗin yana da amfani, kada wani ya fita ya ce na hana. Amma masu iya magana da suka ce zumunci a ƙafa yake sun san akwai aike, sun san akwai saƙo, suka zaɓi ƙafa.

Gidajen da muke ginawa ma sun nuna halinmu. Gidan da yana da zaure, yana da shagon samari inda baƙo zai kwana wata guda ba a tambaye shi yaushe zai tafi ba. Namu na yanzu katanga ce da waya mai lantarki da maigadi, baƙo sai ya yi waya daga waje. Mun rushe zangon wasu, muna mamakin rashin namu.

Shekarar da na ce ban je ba ita ce 2020. Annobar korona ta sa an hana zirga-zirga tsakanin jihohi, ƙaramar Sallah ta same mu a kulle a nan, ba hawa, ba ziyara. Ranar na lura da wani abu da ya tayar mini da hankali: ni da uwarsu ne kaɗai muke cikin kewa. Yaran ko a jikinsu. A wurinsu ba abin da aka rasa sai doguwar tafiya mai gajiyarwa.

To me suka rasa da ba su san sun rasa ba? Yaron da aka sauke ranar jajibere da dare aka ɗauke shi kashegarin Sallah ya ga rago a rataye, ya ci tuwo, an ba shi goron Sallah. Bai ga daren da mata ke zaune ana ƙunshi da kitso ana suyar cincin da dubulan har asuba ba. Bai bi 'yan'uwansa wurin tela an yi zaman jiran ɗinkin da aka yi alkawari tun farkon azumi ba. Ba a ɗora masa kwanon tuwo a ka an ce kai gidan wance, ya dawo da tukuici a aljihu ba, alhali ta wannan aiken ne yaro yake haddace taswirar danginsa, wace ƙofa ce tamu, wa ake durƙusa wa, wa ake tsokana. Bai san abokin wasa ba, bai san me ya sa kakarsa ke kiransa mijinta tana ce masa rago ba. Tashe kuwa sai dai a talabijin.

Hawan Sallah ma, wanda muke kai su kallo kamar 'yan yawon buɗe ido, ku duba yadda aka gina shi. A Kano, kashegarin Sallah Sarki yakan yi Hawan Daushe, kuma cikin abin da yake yi a ranar har da zuwa Babban Ɗaki ya gaida mahaifiyarsa. Washegari Hawan Nasarawa, ya je gidan gwamnati, ya ratsa unguwanni jama'a su gan shi. Sannan a fita Ɗorayi ko Fanisau. A Katsina da Zariya akwai Hawan Bariki, wanda ya samo asali daga zuwa gaida Razdan a zamanin Turawa. Hakimai kuwa kowa ya baro ƙasarsa da dawakansa da mutanensa, ya sauka a gidansa na birni, ya kwana biyu, ya kai gaisuwa. A watan Disamban 2024 UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ake taƙama da su, muka yi murna. Amma in ka cire alkyabba da algaita da jahi, abin da ya rage yawon gaisuwa ne na kwana da kwanaki. Sarki da kansa bai gama gaishe-gaishensa a wuni ɗaya ba, sai ni ma'aikacin gwamnati mai ritaya.

Na san abin da wasu iyaye mata ke faɗa a zuci, don an faɗa mini a gida. Tafiya gida hutu ce ga maigida, ita kuwa canjin madafa ce kawai: ta bar tukunyar mutum shida ta koma ta mutum talatin, a gaban uwar miji da dangin miji masu lura da komai. Sannan shekara da shekaru a garinsa ake Sallah, nata iyayen sai dai a waya. Wannan koke gaskiya ne. A tafiyar babana, Malumfashi zango ce ta dole, ba alfarma ba, domin can ne gidan su innarmu. Wanda zai gyara tafiyarsa ya fara daga nan.

Na kuma san akwai waɗanda za su ce, Malam, 'ya'yanmu a Asibitin Wuse ko Garki aka haife su, Abuja ce garinsu, a bar su su kafa tasu al'adar. Ban ƙi ba. Garin nan yana da 'yan asalinsa, Gbagyi da sauransu, waɗanda ba su da wani gidan da za su tafi, nan ne. Mu ma muna ta binne namu a maƙabartar Gudu, kuma inda kabarin ubanka yake ba ka ce masa baƙon wuri. Wata rana jikokinmu za su yi Sallarsu a nan ba tare da kewar ko'ina ba. Abin da nake tsoro shi ne su zama ba su da Katsina, ba su kuma da Abuja, sai gidan da ke cikin katanga da makarantar da mota ke kai su.

Ga wani lissafi da ya kamata mu lura da shi. Sallah tana matsowa da kimanin kwana goma sha ɗaya kowace shekara. Daga 2018 zuwa 2021 babbar Sallah ta riƙa faɗowa a ƙarshen Yuli ko cikin Agusta, wato a bakin dogon hutun makarantu ko a tsakiyarsa. Yanzu ta baro nan, a 2025 ranar 6 ga Yuni aka yi ta, kuma sai an yi kusan shekara ashirin da biyar kafin ta sake zagayowa. Ma'ana, 'ya'yan da muke da su yanzu ba za su ƙara samun Sallah da dogon hutu a haɗe ba har su girma. In muka ce sai Sallah za a je gida, kwana biyun nan ne rabonsu. Shi kuwa dogon hutu, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, mun sayar da shi ga darasin hutu, yaro ya fito daga aji ya koma aji. Alhali lokacin damina ce, gari ya yi kore, gero ya fitar da kai, ana gasa sabuwar masara, ana cin ɗanyar gyaɗa a gona. Yaron da aka haifa a Gwarimpa zai iya gama jami'a bai taɓa ganin yadda ake noman abin da yake ci kullum ba.

Shekarar da ta biyo bayan abin da ya faru a Zariya, da aka yi dogon hutu, na ɗauki hutuna na shekara na ce za mu yi tafiyar babana. Ba mu yi tafiyar dare ba, ba mu tsaya a daji ba, kowace rana kafin azahar mun sauka. Ba zan ce muku komai ya tafi daidai ba. A Zariya aka ɗauke wuta, ƙaramar 'yata ta yi kuka ta ce a mai da ita gida, ɗayan ya ƙi shiga makewayin. A Funtuwa na tarar abokin babana ya rasu shekara huɗu ban sani ba, 'ya'yansa suka karɓe mu da mutuncin da ban cancanta ba. A Malumfashi muka kwana biyu.

Amma daren Zariyan nan, wajen ƙarfe goma, na fito tsakar gida na tarar da babban ɗana zaune a bakin tabarmar Goggo, ta haska fitilar waya a kan wani tsohon hoto, tana nuna masa babana yana saurayi da hula a karkace. Hausarsa tana tuntuɓe, ita kuma tana yi masa dariya tana gyara masa. Na ji tana ce masa, "Kai, mijina, wannan bakin naka sai an kai shi wurin maƙeri." Da safe ta sa aka cusa mana daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa a but, motar ta yi wata guda tana warin daddawa, yaran suna ta mita.

Goggo ta rasu da azumin da ya biyo baya. Da aka yi mini waya ina ofis, na kira gida in faɗa, shi yaron ne ya ɗauka. Bai tambaye ni wace ce ba. Cewa ya yi, "Baba, ƙarfe nawa za mu tashi?"

Shugaban taro, na ga an miƙo mini takarda cewa lokaci ya yi.